Baƙin Layin Bayan Gavana

Da sassafe aka tsinci Gavana yashe a bayan kejinsa, ciki a farke, kunnen hagu babu, tururuwa har sun riga mutane zuwa gaisuwa. Gavana ba mutum ba ne, zomo ne. Amma a ƙauyen nan na gefen Naro Moru an binne dattawa masu jikoki da ba a yi musu rabin kukan da aka yi masa ba.

Ƙato ne kamar ɗan akuya, fari sol, da baƙin tabo a hanci mai siffar malam-buɗe-littafi, da baƙin zobe kewaye da kowane ido. Abin da ya fi tsone wa 'yan ƙungiyar masu kiwon zomaye ido kuwa shi ne baƙin layin da ya taso daga ƙeyarsa ya miƙe har wutsiya, babu inda ya tsinke. Saboda layin nan ne mai shi, Mama Wangeci, take dawowa da kofi duk shekarar da aka yi gasar gunduma, sauran kuwa su dawo da ciwon zuciya. Ga shi gasar bana ta ƙarato.

Kafin a aika kiran Lekupe mai bin sawu an riga an yanke hukunci. Jini ya ɗiɗɗiga daga keji zuwa shinge, daga shinge zuwa ƙofar bukkar wani makaho da ake kira Mzee Mbaabu, wato dattijo Mbaabu, kuma an tarar da karensa Bosko yana lasar baki. Aka yi wa karen dukan kawo wuƙa, aka ɗaure shi a turken rumfar ƙungiya. Da yamma in an tashi taro za a rataye shi. Abin da ake nema a wurin Lekupe kawai shi ne ya dubi ƙasa ya ce e, sawun kare ne, don kada wakilin cif, wato dagacin yankin, ya kawo wata magana.

Lekupe ɗan ƙabilar Samburu ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin sawun giwaye da masu kashe su a dajin Laikipia, har gwiwarsa ta ce ta gaji, ya zo ya sayi ɗan fili ya zauna cikin manoman dankali. Ba shi da daɗin baki, kuma bai taɓa ɓoye ƙyamar da yake yi wa sana'ar maƙwabtansa ba. A wurin mutanen Samburu ko yunwa za ta kashe mutum ba ya kai zomo baki, ga shi nan kuma ya faɗo cikin mutanen da ƙato da gemunsa zai tsuguna yana taje gindin zomo da burushin haƙori.

Ya iso yana ɗingishi, ya tsaya, ya dubi ƙasar da takalman roba suka tattake.

"Wa ya fara zuwa nan?"

"Dukkanmu," in ji Ciyaman Karugu, shugaban ƙungiya, wani tsoho mai gashi da gashin baki baƙi wuluk a kan fuskar da ta daɗe da ganin jikoki. "Abin ya shafe mu duka. Rashi ne na ƙungiya."

"Na gani. Ko garken shanu ne suka kwana a nan sai haka."

Ya tsuguna da ƙyar, ya ɗaga gawar da yatsa biyu yana kawar da hanci. Ya sha ganin abin da kare yake yi wa zomo. Ta baya yake cafkarsa, ya jijjiga har ƙashi ya karye. Wannan kuwa an yi kaca-kaca da cikinsa, an cire kunnen da suke zana wa kowane zomo lambarsa da allura, amma bayan yana nan sumul, babu ko alamar haƙori, kamar yanzu za a ɗora shi a teburin alƙalin gasa. Da ya ajiye shi sai ya ga babban yatsansa ya yi baƙi, daidai inda ya riƙe kusa da wutsiya. Ya goge a bargonsa.

Mama Wangeci ta kutso tana kururuwa, mata biyu suna riƙe da ita. Ta zube a gwiwa, ta ɗauki gawar ta rungume. Lekupe yana kallon hannunta. Yatsunta ba su je ga cikin da aka farke ba, ba su je ga kunnen ba. Kai tsaye suka nufi bayan kafaɗa, suka buɗa gashin layin nan, ta leƙa. Nan take kukan ya ɗauke kamar an kashe rediyo. Ta ɗan jima a haka, sannan ta sake ɗaukar kukan, amma na biyun bai kai na farko ba. Ta naɗe gawar a zanenta ta ce yanzu-yanzu za ta binne shi a gindin bishiyar fiya, ba ta son kowa ya ƙara taɓa mata shi.

"To, Mzee Lekupe?" in ji Ciyaman. "Kare ne, ko ba haka ba?"

"In na gama zan faɗa. Ku bar min karen da ransa har yamma."

"Har yamma dai. Igiya ba ta tsami."

*

Ya tarar da Mzee Mbaabu zaune a ƙasa kusa da turke, gwiwoyin wandonsa duk taɓo. Da laluben shinge ya iso, ya faɗi a lambatu, ya tashi, ya sake faɗuwa. Bosko yana kwance ya ɗora haɓa a cinyarsa, ƙafar gaba ɗaya a karye tana lilo.

"Lekupe, kai ne? Na ji ƙarar gwiwarka."

"Ni ne, Mzee."

"Ka gaya musu mana. Ko ƙwai na ajiye a ƙasa, yaron nan ba ya taɓawa sai na ce ci."

"Ya ci hanjin, Mzee. Ga shi nan ya amayar."

"To in ka tashi da safe ka tarar da nama a ƙofar ɗakinka, kai tambayar mai shi za ka tafi yi?" Tsohon ya rungumo karen. "In za su rataye shi su nemi igiya biyu. Ni ko hanyar masai ban sani ba sai da shi. Shi yake kai ni rafi, shi yake kai ni coci. Matar ɗana ta daɗe tana so a mayar da ni Meru a rufe a ɗakin baya kamar tsohon buhu. Saboda Bosko ne kawai ba su da hujja."

Lekupe bai iya lallashi ba, don haka bai gwada ba. Ya karyi kara ya tsuguna gaban aman yana tonawa. Ya taɓa zura hannu har kafaɗa cikin ruɓaɓɓiyar giwa bai ji ƙyama irin ta yau ba, don a can ya san da wa yake faɗa. Cikin hanjin da ciyawar da zomon bai gama narkarwa ba, ya ga waɗansu 'yan ɓawo baƙaƙe masu sheƙi, sun yi yawa. Da farko ya zaci fikafikan ƙwaro ne. Ya tsince kaɗan ya ƙunshe a ganye ya jefa a aljihu.

Ya koma ya bi jinin daga bukka zuwa shinge. A nan mutane ba su tattake sosai ba. Sawun Bosko yana nan, amma daga ƙofar bukka zuwa tsakar gida kawai ya tsaya, bai ko nufi shingen ba. Wanda ya ja hanjin kuwa da takalmin roba ya zo, irin wanda kowa a ƙauyen yake sawa har limamin cocinsu, kuma ya bi ta kan ciyawa ya ɓace.

*

Mama Wangeci tana feren dankali a ƙofar kicin lokacin da ya shigo. Ta cire ɗankwali, kanta fari fat kamar auduga. Ta cikin ƙofa ana hango kofunan gasa jere a kan kabad, kowanne da 'yar rigarsa ta saƙa.

"Mama, me Gavana yake ci?"

Ta ɗago a fusace. "Wa ya aiko ka? Karugu ko Ndiritu mai aski?"

Ashe ba a yi musu wannan tambayar. Kowane ɗan ƙungiya yana da abin da yake ba zomonsa don gashi ya yi sheƙi, kuma gara ka tambaye shi abin da ke tsakaninsa da matarsa da ka tambaye shi wannan. Akwai wanda yake haɗa abincin a ɗaki ya kulle ƙofa.

"Mama, dube ni da kyau. Na yi miki kama da mai son kiwon ɓeraye masu dogon kunne?"

Ta ja tsaki. "Ganyen dankalin Hausa da ya sha iska, da busasshiyar ciyawa, da dusa. Shi ke nan. In ka faɗa wa wani, Allah ya isa."

"Babu wata ƙwaya? Babu 'ya'yan wani abu?"

"Ƙwaya tana sa teɓa. Ni ba mahaukaciya ba ce."

"To me kike nema a bayansa ɗazu?"

Wuƙar ta tsaya. "Ban gane ba."

"Kin buɗa gashin bayan kafaɗarsa kin leƙa, kuka ya tsaya."

"Yanzu kukan nawa ma sai an auna shi? An kashe min ɗa, kai kuma ka zo kana ƙirga min hawaye! Fita, Mzee, kafin in manta da girmanka."

Ya fita yana ganin ya gama aiki. A ransa ya ce matar nan ce ta kashe abinta, wataƙila ciwo ya kama shi ba ta son a ga ya faɗi a gasa, ta ɗora wa karen makaho. Amma da ya zaga ta bayan tankin ruwa sai ya ga wani sawu a laka, a wurin da ba hanya ba ce. Takalmin roba ne, amma a diddigen dama an yi masa faci da tayar keke. Mai shi ya daɗe a tsugune, yana fuskantar kejin Gavana. Lekupe ya san takalmin nan, kullum yana ganinsa a ƙofar shagon aski.

*

Ndiritu mai aski siriri ne, bakinsa ba ya hutawa, yatsunsa baƙi ƙirin da dayis ɗin rina furfura. Lekupe ya dubi yatsun, ya tuna da nasa babban yatsan, ya ce a ransa ashe ya yi wa Mama Wangeci mugun zato.

"Sannu da zuwa, sarkin daji! Aski ko gyaran fuska? Kai da gashinka sai dai a nemo adda."

"Me ka je yi bayan tankin Mama Wangeci?"

Almakashi ya faɗi ƙasa. Ndiritu ya leƙa waje, ya jawo ƙofa.

"Mzee, don girman Allah. Ina da iyali."

"Shi ma makahon yana da kare."

"Ban kashe shi ba! In kashe shi in samu me? Ni da ransa nake amfana." Ya share gumi. "Ranar Lahadi ne. Ka san ba ta ba kowa aron Gavana, ko ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya. To in ta tafi coci, sai in saka zomanyata a cikin kwat, in zaga ta baya, in tura ta kejinsa. Kafin su gama waƙar farko ya gama aikinsa, na ɗauke abata."

Lekupe ya girgiza kai. "Satar barbara kake yi."

"Ba sata ba ce, Mzee, me ya ragu a jikinsa? Kuma ko riba ban ci ba. Duk 'ya'yan da ta haifa layinsu a tsinke yake a bayan kafaɗa. Duka! Har na fara zargin zomanyata."

"A bayan kafaɗa."

"Daidai nan. Kamar an sa yatsa an goge."

Lekupe ya zauna a kujerar aski ba tare da an ce ya zauna ba. Ya nuna kwalayen dayis da ke kan kanta. "Su wa suke sayen wannan?"

"Duk wanda furfura ta dama. Ciyaman shi ne babban kwastoma, in ba don ni ba da yanzu kansa ya zama kamar na Mama Wangeci." Ya yi dariya, sai dariyar ta maƙale. "Ita ma fa tana saye. Duk gab da gasa. Cewa take na yayarta ne da ke Nyeri."

"Tana da ya a Nyeri?"

Ndiritu ya lissafa dangi a kansa. Can ya ce, "Ta rasu tun kafin a kawo mana wuta."

*

Gidan Ciyaman Karugu shi ne mafi tsafta a ƙauyen, kejinan zomayensa sun fi ɗakin kwanan wasu kyau. Ya tarbi Lekupe da shayi mai kauri da dafaffen masara da wake, ya zagaya da shi yana nuna masa dabbobin ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin sunan uban kowanne da kakansa. Lekupe ya lura bai taɓa jin ya lissafa jikokinsa haka ba.

"Wannan shi ne Meja, na biyu a gasa. Kullum na biyu." Ya shafa bayan zomon. "Ba komai. Gavana ya cancanta. Zomo irin wannan sau ɗaya ake ganinsa a rayuwa."

Keji ɗaya a ƙarshen layi babu kowa a ciki, an wanke shi tas har katakon bai bushe ba.

"Na nan fa?"

"Wani ne mara fasali, layinsa ya lalace wajen wutsiya. Mun cinye shi."

Lekupe ya ajiye kwanon abincin bai ƙara kai hannu ba. "Me kake ba su suke sheƙi haka?"

Ciyaman ya bushe da dariya har gashin bakinsa yana rawa. "Kai, Mzee! Ko matata ba ta sani ba. Ni nake haɗawa, ni nake zubawa, ni nake share ragowar."

Lekupe ya yi godiya ya ce zai bi ta baya, ya fi masa kusa. Bayan kejinan akwai jujin da ake tara kashin zomaye don taki. Ya tsaya a gabansa. A kan jujin, ko'ina, waɗansu 'yan tsirrai ne suka fito masu ganye bibbiyu, wasu har yanzu da baƙin ɓawo maƙale a kansu kamar hula. Ya ciro ƙunshin ganyen daga aljihu ya gwada. Alizeti ne, furen nan mai bin rana da ake matse mai daga 'ya'yansa. Babu mai shuka shi a wannan sanyin, sai can ƙasa wajen Meru. Ciyaman yana share ragowar abincin kullum don kada a gane sirrinsa, sai dai a kan taki yake zubarwa, taki kuwa ya yi aikinsa.

Daga nan ya wuce gindin bishiyar fiya. Mama Wangeci ta riga ta tafi taro. Ya ari fartanyarta.

*

Rumfar ƙungiya ta cika. Har waɗanda ba su da zomo sun zo kallon rataya, mata da goyo, maza da rake a hannu. An riga an jefa igiya a kan reshe. Mzee Mbaabu yana nan inda aka bar shi, ya rungume wuyan karensa. Babu wanda ya ba shi ko ruwa.

Ciyaman ya buɗe taro da addu'a, ya nemi a yi shiru don tunawa da Gavana. Suka yi shirun kuwa, da gaske, har da masu cire hula. Lekupe ya ji kamar ya tofar da yawu.

Ya fito tsakiya, ya kwance zanen da aka naɗe gawar a kan tebur. Wari ya tashi, mutane suka ja baya suna toshe hanci.

"Ka tone min kabari!" in ji Mama Wangeci.

"Na tone. Ba kare ne ya kashe wannan ba. Kare ta baya yake kamawa, kuma kare bai iya karatu ba balle ya zaɓi kunnen da ke da lamba. Mutum ne ya yi, mutumin da hannunsa ya iya farke ciki amma bai iya ɓata layi ba, don yana so ku ga layin ku ce Gavana ne." Ya tsoma tsumma a ruwa ya goga kusa da wutsiya, ya ɗaga. Tsumman ya yi baƙi, a jikin gawar kuma fari ya leƙo. "Wannan ba Gavana ba ne. Wani zomo ne aka cike masa layi da dayis. Gavana yana raye a hannun wanda ya sace shi."

Rumfa ta kaure. Duk idanu suka koma kan yatsun Ndiritu, shi kuwa ya cusa su a hammata.

"Ba shi ba ne. Nasa laifin daban ne, in ya ga dama ya faɗa muku." Lekupe ya buɗe ƙunshin ganyen. "Wannan daga aman karen na tsince shi, daga cikin zomon nan ya fito. 'Ya'yan alizeti ne. Mutum ɗaya ne a ƙauyen nan yake ba zomayensa su. Ko ranar da zai yanka wannan, sai da ya zuba masa abincin gyaran gashi, don hannunsa ya saba. Wanda yake so ya san ko wane ne, ya je ya dubi abin da ya tsiro a jujin Ciyaman."

Ciyaman Karugu bai ko motsa ba. Ya yi murmushi. "Tsuntsaye suna yawo da iri, Mzee. Yanzu da amai da kashi za ka ɓata sunan mutum? A kawo hujja ko a kawo igiya, dare yana yi."

Wasu suka gyaɗa kai. Ciyaman ne fa, shi ya kafa ƙungiyar, kuma an riga an jefa igiya, mutane ba sa son su koma gida ba su ga komai ba. Wani saurayi har ya fara kwance karen daga turke. Mzee Mbaabu ya ƙanƙame shi yana cewa, "Ku bari, 'ya'yana, ku bari."

Lekupe ya ga abin zai kuɓuce masa. Ya dubi Mama Wangeci, wadda kalma ɗaya daga bakinta ta isa, ya ga ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Sai ya juya ga jama'a, ya sassauta murya, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya zo ƙauyen. Ya yabi zomo.

"Ban ga laifin wanda ya sace shi ba sosai. Ni da ba na son zomaye ma na san Gavana ba shi da na biyu. Layin nan Allah ne ya ja shi da hannunsa. Meja ko shekara ɗari zai yi ba zai kama ƙafarsa ba. Wasu sun tsufa suna kiwo, sun rina kai sun rina gemu, mace ɗaya da ganyen dankali ta fi su. Dole abin ya yi ciwo. Zomo ne da babu aibi ko na gashi ɗaya a..."

"Babu aibi?" Ciyaman ya miƙe har kujera ta faɗi. "Babu aibi! Layinsa a tsinke yake a bayan kafaɗa, faɗin yatsa biyu! Fari fat daga tushe! Rini ne! Shekara da shekaru matar nan tana cin kofina da rini!"

Mutane suka juya suna kallonsa.

"Yaushe ka buɗa gashinsa, Ciyaman?" in ji Lekupe. "Ba ta barin kowa ya taɓa shi. Na kan teburin nan kuwa bayan kafaɗarsa baƙi ne har tushe, zo ka duba. Shi ya sa kukanta ya tsaya da safe. Tun a lokacin ta san ba nata ba ne." Ya juya gare ta. "Kin sani, Mama. Kin ga an karya wa karen ƙafa, kin ga tsohon nan yana rarrafe a lambatu, kika je kika zauna kina feren dankali. Da ki ce kin shafa wa zomo dayis, gara a rataye idon makaho."

"Da na faɗa, da sun karɓe kofunan," ta ce, a hankali, kamar wannan amsa ce.

Ciyaman ya koma ya zauna a ƙasa inda kujerar take a da. Ya ce so yake kawai ya kai Gavana gonar ƙaninsa a Nyahururu ya samu iri. Ya ce sai da ya kai shi rumbun dankali ya haska fitila ya ga ashe jabu ya sato. Yadda yake faɗa, kai ka ce shi aka cuta.

"Yana rumbun yanzu?" wani ya tambaya.

Ba a jira amsa ba. Rumfa ta watse kamar an ce gobara, kowa ya nufi gidan Ciyaman da gudu don ya ga farin da ke bayan Gavana da idonsa. Ndiritu yana gaba yana ihu cewa ashe zomanyarsa ba ta da laifi. Ana jin su har suka sha kwana, suna gardamar wanda kofin bara ya kamata ya koma hannunsa. Babu wanda ya waiwayi turken.

Lekupe ya zaro wuƙa ya yanke igiyar. Bosko ya yunƙura zai tashi ya tsaya a gefen hagun maigidansa yadda ya saba, ƙafar ta ƙi, ya faɗi, ya sake yunƙurawa.

"Sun tafi?" in ji Mzee Mbaabu.

"Sun tafi."

"Ba su ce komai ba?"

"Ba su ce ba."

Tun da uwarsa ta haife shi Lekupe bai taɓa ɗaukar kare ba. Ya tsuguna, gwiwar ta yi ƙara, ya saɓa shi a kafaɗa kamar ɗan maraƙi, jini da amai suna shafar masa wuya. Ya kama hannun tsohon ya ɗora a gefen bargonsa.

"Riƙe nan. Akwai lambatu a gaba, zan gaya maka."

Suka kama hanya a hankali. Sun yi nisa kafin tsohon ya sake magana.

"Lekupe, wai shi zomon nan wane launi ne?"

"Fari da baƙi."

"Bosko fa? Ban taɓa tambayar kowa ba."

Lekupe ya karkata kai ya dubi abin da ke kafaɗarsa. "Shi ma fari da baƙi ne. Amma ba tsari, Mzee. Kamar an watsa masa da bokiti."

Tsohon ya lalubo kan karen ya shafa.

"To kada ka gaya musu," ya ce. "Sai su zo su gyara min shi."